Wasiƙa ga abokan cinikinmu: kafin ku sayi wata ƙwaƙwalwar jikin mota

Assalamu alaikum, ya ku abokan cinikinmu masu daraja.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mun rubuto muku ne game da wata na'ura da ake yawan ɗora wa laifin da ba nata ba, wato BCM, ƙwaƙwalwar da ke kula da wutar jikin mota. Ba ita ce ƙwaƙwalwar inji ba. Waccan man inji da wutar filogi take sarrafawa. Wannan kuwa ita ke riƙe da fitilu, sigina, waifa, hon, gilasan ƙofa da kulle ƙofofi da rimot, a motoci da yawa har da tsaron makulli, wanda in bai amince ba inji ba zai tashi ba. Peugeot na kiran tata BSI, Honda na kiranta MICU, Mercedes kuma SAM. Galibi tana ƙarƙashin dashbod, manne da akwatin fis na cikin mota.

Roƙonmu ɗaya ne: kada ku sayo wata kafin awo ya tabbatar cewa taku ta mutu. Alamunta na da ruɗi. Waifa ta kama aiki da kanta, ƙofofi su kulle su buɗe, sigina ta ƙi mutuwa, fitilar ciki ta kwana a kunne, ko a wayi gari batir ya sauka. Duk waɗannan BCM mai matsala na iya jawo su, amma raunin batir ma na jawo su, haka wayar at, wato wadda ke mayar da wuta ta ƙarfen mota, in ta yi tsatsa, haka ruwa a cikin soket. Wanda ya canza na'urar bai gano tushen ba, ya yi asarar kuɗi, kuma abin da ya ci ta farko yana nan yana jiran ta biyu.

Shi ya sa daga batir muke farawa. Lafiyayyen batir da ya huta yana nuna kusan bolt 12.6. Idan inji na aiki, altaneta ya kamata ya ba da tsakanin 13.5 da 14.5. In ya haura 15, ba batir kaɗai yake dafawa ba, duk wata kwamfuta da ke cikin motar tana cikin haɗari. In kuma wuta na faɗuwa ƙasa sosai lokacin tayar da inji, na'urorin kan rikice su ajiye lambobin matsala barkatai, waɗanda ba sa nufin komai sai yunwar wuta. Daga nan sai fis-fis, kuma da mita muke gwada kowanne ta ƙafafunsa biyu, domin ido na yaudara. Sai wayoyin at da ke ɗaure a ƙarfen mota. A nan ba ma wadatuwa da cewa wayar tana haɗe. Muna kunna fitilu da waifa, mu auna wutar da ke ɓacewa tsakanin kan batir na nagatif da ƙafar at ta na'urar. In ta wuce bolt 0.2, akwai tsatsa ko noti ya saki, kuma sau da yawa gogewa da ɗaurewa kaɗai ke kawo ƙarshen maganar.

Sai an gama wannan muke sa mota a kwamfuta. Ƙaramar na'urar sikanin da ake sayarwa da araha yawanci inji kawai take karantawa, ba ta shiga sashen jikin mota, don haka cewarta babu matsala ba shaida ba ce. Ana buƙatar wadda ke shiga kowace na'ura, irin su Techstream na Toyota, HDS na Honda da Diagbox na Peugeot. Lambobin da suka fara da B na jikin mota ne, masu U kuma na sadarwa tsakanin na'urori. U0140 na nufin sauran na'urorin sun daina jin BCM. Ku lura, ba ta ce BCM ta mutu ba. Wataƙila wuta ce ba ta isa gare ta ba, ko wayar sadarwa ta tsinke.

Wayoyin sadarwar guda biyu ne da aka murɗe tare, ana kiransu CAN. A soket ɗin sikanin mai ƙafa 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, suna ƙafa ta 6 da ta 14. Idan aka cire batir aka auna tsakaninsu, a yawancin motoci ana samun kusan om 60, saboda akwai rezista biyu masu om 120 a ƙarshen layin nan da can. Ganin 120 na nuna layi ya yanke ko na'ura ɗaya mai ɗauke da rezistar ta fita daga ciki. Ganin abin da ya kusa sifili na nuna wayoyin sun haɗe. Wani abin da mutane ba sa zato shi ne, na'ura ɗaya da ta lalace, ko rediyo ko tiraka da aka jona ba bisa ƙa'ida ba, tana iya toshe layin gaba ɗaya, BCM lafiyayya ta zama kamar kurma. Sai an riƙa cire su ɗaya bayan ɗaya ake gane mai laifin.

Gwajin da ya fi kowanne raba gardama shi ne na shiga da fita. A allon kwamfuta muna kallon ko na'urar ta ga an taɓa makunnin waifa. In ba ta gani ba, matsalar tana makunni ko wayarsa. In ta gani, sai mu umarce ta daga kwamfuta ta kunna waifar, mu sa mita a ƙafar da wuta ya kamata ta fito. Wuta ta fito amma waifa ba ta motsa ba, to sai a nemi rile, wato ɗan makunnin da wuta ke kunnawa, ko waya, ko ƙaramin injin da ke juya waifar. Wayoyin da ke ratsa robar da ke tsakanin ƙofa da jikin mota suna yawan karyewa a ciki saboda buɗewa da rufewa, kuma ɓera ma na yin nasa. Sai idan na'urar tana da cikakkiyar wuta, at ɗinta lafiya, saƙo ya shiga, layin fita ba shi da haɗewa, amma duk da haka ta ƙi fitar da wuta, sannan muke yanke mata hukunci.

Masu kukan batir na sauka cikin dare, ku yi mana haƙuri in muka ce mota ta yini ko ta kwana. Bayan an kulle mota, na'urorinta ba sa yin barci nan take, wasu sai an kai minti 30 ko fiye. Da sun kwanta, abin da motar ke ja bai kamata ya wuce miliyam 50 ba (miliyam dubu ne am ɗaya). Motar da ke jan rabin am tana cin am-awa 12 a kwana guda, kenan batir mai am-awa 60 ba zai yi 'yan kwanaki ba ya kasa tayar da inji. Ba ma zare fis yayin wannan awo, domin zarewa da mayarwa na farkar da na'urorin. A kan bayan kowane fis muke aunawa. Sau tari BCM ba ta da laifi, makunnin ƙofa ko na but ne ke gaya mata ƙarya cewa a buɗe yake, ita kuma ta ƙi barci.

Abin da ke kashe ta da gaske, ruwa ne kan gaba. Gilashin gaba da aka canza ba a liƙe da kyau ba, magudanar ƙasan waifa da ganye da ƙura suka toshe, bututun ruwan esi da ya cushe, ko wankin mota da injin feshi. Tsohuwar Passat B5 ta yi suna a nan, domin na'urarta tana ƙarƙashin kafet na gaba, inda ruwa ke taruwa. Koren tsatsa a ƙafafun soket shi ne shaidar. Kafin damina ta sauka ku sa a buɗe muku magudanan nan, aikin 'yan mintoci ne. Sauran masu kisan daga hannun mutane suke: jona batir a juye, yin walda batir na haɗe, naɗa waya a gurbin fis da ya ƙone, da sa ƙwan fitila mai wat 100 a inda aka tsara na 55, abin da ke kusan ninka wutar da layin ke ɗauka. Muna roƙonku musamman ku hana kowa cire kan batir inji na aiki da sunan gwada altaneta. Wutar da ke tsalle a wannan lokacin tana iya ƙone na'ura nan take, alhali mita na yin gwajin ba tare da haɗari ba.

Idan ta tabbata sai an canza, lambar da ke kan takardar jikin na'urar ita ce abin bi, ba kamannin akwati ba. Mota iri ɗaya, shekara ɗaya, tana iya zuwa da BCM daban saboda wannan ta kasuwar Amurka ce waccan ta Turai, ko wannan tana da makullin dannawa waccan ba ta da shi. Ta Beljiyam na iya yin aiki, kuma ba ma ƙin ta, amma tana zuwa da bayanan motar da aka ciro ta: lambar shasi mai harafi da lamba 17, tsarin kayan aikinta, wani lokaci har da lambar sirrin makulli. A Peugeot, BSI da ƙwaƙwalwar inji da makulli a ɗaure suke da lambar sirri mai gurbi 4, shi ya sa ake sayar da su saiti guda. BSI kuma tana riƙe da adadin kilomita, don haka wadda ta fito daga mota mai doguwar tafiya na iya ɗaga lissafin taku. Inda tsohuwar ke iya karantuwa, mun fi son kwafe bayananta zuwa wadda za a sa. Saboda haka kada ku yar da tsohuwa, ko da ta jiƙe. Wata ma gyaruwa take yi, in rile ɗaya ne ya ƙone ko dalma ta tsage, amma allon da tsatsa ta ci ba ma ba da shawarar a dogara da shi.

Wajen sawa, muna adana tsarin tsohuwar, mu kashe mota, mu jira mintoci kaɗan na'urori su kwanta kafin cire nagatif. A Peugeot aƙalla minti 3 ake jira, gaggawa a nan na rikita BSI. Muna wanke soket, mu gyara abin da ya jawo lalacewar, sannan mu ɗaura. Yayin shigar da bayanai muna riƙe wutar motar da na'ura ta musamman, domin faɗuwar wuta a tsakiyar aikin na iya kashe sabuwar. Daga nan sai rajistar makullai da rimot, saita gilasan ƙofa, goge lambobin matsala, gwada kowane makunni, da sake awon wutar da motar ke ja bayan ta yi barci.

Ranar da za ku kawo mota, ku zo da dukkan makullanta, domin a motoci da yawa wanda ba ya nan lokacin rajista ya daina tayar da inji. Ku zo da takardun mota, ba ma yin aikin makulli sai da su. Ku kuma gaya mana gaskiyar abin da ya faru kafin matsalar ta fara, ko ruwan sama ne, ko wanki, ko walda, ko jona batir, ko wani abu da aka ƙara wa motar. Kuɗin bincike daban yake da na gyara, kuma za mu nuna muku sakamakon awo kafin ku sayi komai.

Allah Ya tsare mana hanya, Ya sa albarka a nema.

Wassalam,
Naku, ma'aikatan sashen wayarin mota.