A riƙa rubutawa, a kuma riƙa yi wa majinyaciya bayani

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna so mu ja hankalin 'yan'uwanmu ma'aikatan jinya da ungozoma kan allurar magnesium sulphate da ake yi wa mai ciki idan jijjiga ta kama ta.

Bayan allurar farko, ana ƙara giram 5 a ɗuwawu duk bayan awa 4. Kafin kowace allura sai an duba abu uku: numfashi kada ya gaza 16 a minti ɗaya, fitsari kada ya gaza mililita 30 a awa, sannan ƙafa ta zabura idan an bugi ƙasan gwiwa. In ɗaya ya gaza, a dakata, a kira likita, calcium gluconate, maganin da ke karya ƙarfin allurar idan ta yi yawa, na kusa. Ƙoda ce ke fitar da maganin. Idan fitsari ya ragu sai maganin ya taru a jini ya danne numfashi.

Inda ake samun matsala shi ne lokacin canjin aiki. Wadda ta yi allurar ƙarfe 2 ba ta rubuta ba, mai karɓarta ta sake yi. A rubuta lokaci da adadi a takardar majinyaciya nan take, a sa hannu. Ranar da magana ta kai gaban majalisar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi, takardar nan za a fara dubawa.

Allurar nan tana da zafi ƙwarai. A gaya wa matar tun kafin a yi, cikin ladabi: "Hajiya, za ki ji zafi, ki yi haƙuri." A nuna wa mai jinyarta ledar fitsari, kada ta zubar sai an auna. Yi wa mai jinya tsawa ba ya sa ta kawo rahoton matsala da wuri.

Wasu ma'aikatan jinya, Kano