Wasiƙa zuwa ga Edita: Fayil ɗin PowerPoint da ke leƙa intanet ba da saninmu ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in bayyana wa masu karatu wani abu da ya same ni a wurin aiki, domin na tabbata malaman makaranta, ma'aikatan lafiya da na ƙungiyoyi a Tahoua da Yamai suna buɗe irin wannan fayil kullum ba tare da sun san abin da yake aikatawa a bayan idonsu ba.

Aikina horar da manoma ne, musamman masu noman albasa. A watan Maris da ya wuce, ana tsakiyar cirar albasa, wata ƙungiya da muke aiki tare ta aiko mini ta WhatsApp da fayil ɗin PowerPoint mai ɗauke da darasi kan gyaran rudu, wato rumbun ajiyar albasa, domin a rage ruɓewar albasa kafin farashinta ya tashi da damina. Na buɗe shi a ofis, kwamfutata tana haɗe da intanet ta wayata. Wani gargaɗi mai ruwan ɗorawa ya fito a saman allo, na danna «Activer le contenu» kamar yadda kowa ke yi ba tare da karantawa ba, hotuna suka fito tsaf. Bayan kwana biyu muka je wani ƙauye arewa da Galmi inda rezo ke zuwa yana ɗaukewa, muka tara manoma, muka kunna majigi, sai ga hotuna huɗu da darasin ya dogara a kansu sun koma fararen akwatuna da ƴar alama ja a kusurwa, wurin bidiyo kuma baƙi ƙirin. Da baki na ƙarasa darasin, ina zana rudu a ƙasa da sanda.

A hanyar dawowa abokan aikina suka rabu biyu. Ɗaya ya ce cutar kwamfuta ce ta cinye hotunan, ɗayan kuma ya rantse cewa masu aiko da fayil ɗin ne suke leƙen asirinmu. Ni dai na ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma tun da fayil ɗin yana hannunmu, ya fi kyau mu bincika shi kafin mu ɗora wa wani laifi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, hoton da ya fito inda akwai intanet ya kuma ɓace inda babu ita, ba a cikin fayil ɗin yake ba tun farko, daga wani wuri ake ɗauko shi.

Abu na farko da na koya shi ne a rarrabe tsakanin manhajar PowerPoint da fayil ɗin da aka buɗe da ita, domin da yawa daga masu tsorata a nan suke ruɗewa. Ita manhajar tana magana da kwamfutocin kamfanin Microsoft ko da ba a buɗe kome ba: tana duba lasisinta, tana neman sabuntawa, sababbin nau'o'inta kuma suna sauke salon haruffan da babu su a kwamfutar idan fayil ya buƙace su. Saboda haka na buɗe wani kayan aiki da ke cikin kowace kwamfuta mai Windows, wanda a Faransanci ake kira «Moniteur de ressources», na shiga sashen rezo, na sa ido kan POWERPNT.EXE, wato sunan manhajar a wurin kwamfuta. Na fara buɗe farin shafi, na rubuta adireshin da ta tuntuɓa. Sannan na buɗe fayil ɗin albasa, na kwatanta. Adireshi uku suka ƙaru waɗanda babu su a karon farko, kuma da wannan na tabbatar cewa fayil ɗin ne ke sa a tuntuɓe su.

Daga nan na duba abin da manhajar kanta za ta iya gaya mini. A ƙarƙashin «Fichier», sashen «Informations», akwai wani ɗan rubutu a can ƙasa ta hannun dama, «Modifier les liens d'accès aux fichiers», wanda ba ya fitowa sai idan fayil yana rataye da wani abu na waje. Ya nuna mini wani ɓangare na labarin, amma lissafin bai cika ba, kuma ban so in dogara da shi kaɗai ba.

Wani ɗalibin jami'a da ke taya mu gyaran kwamfutoci shi ne ya nuna mini hanyar da ta fi kowace amfani, kuma ita ce dalilin wannan wasiƙa. Tun daga Office 2007, fayil mai ƙarewa da pptx ba dunƙulallen abu ɗaya ba ne: ƙunshi ne na zip, a cikinsa akwai ƙananan fayiloli da yawa da aka rubuta da tsarin XML, wanda mutum zai iya karantawa da ido. Tsarin a bayyane yake, hukumar ISO ta amince da shi a matsayin ma'auni a 2008. Abin da ake yi shi ne a kwafi fayil ɗin, a sauya ƙarshen sunan kwafin daga pptx zuwa zip, ko a buɗe shi kai tsaye da manhajar kyauta ta 7-Zip. Alfanun wannan hanya shi ne PowerPoint ba ta tashi ba, saboda haka fayil ɗin ba shi da bakin da zai kira kowa. A ciki akwai dosiye mai suna ppt. Hotunan da aka cusa da gaske suna zaune a ppt/media, shafukan kuma a ppt/slides. Kusa da shafukan akwai wani dosiye mai suna _rels, inda kowane shafi yake da ƴar takardar da ke lissafa duk abin da yake dogara da shi. Idan aka buɗe ta da manhajar rubutu ta Bloc-notes aka nemi kalmar External, duk layin da aka ga an rubuta TargetMode="External" yana nufin abin ba ya cikin gida, kuma adireshin da ake zuwa ɗauko shi yana rubuce a gefensa. Ba kowane irin wannan layi ne ke tashi da kansa ba, domin mahaɗin da sai an danna shi ma haka ake rubuta shi. Ana gane bambancin ne daga nau'in da aka rubuta a layin, ko hoto ne, ko bidiyo, ko mahaɗi kawai.

Cikin ƙasa da awa ɗaya muka gano abin da ya kunyata ni a gaban manoma. Hotunan nan huɗu an rataya su ne daga shafin intanet na wata cibiyar binciken noma a ƙasar waje, ba a cusa su ba, abin da ya sa fayil ɗin bai kai ko mega ɗaya ba alhali yana da shafuka sama da ashirin. Da na lura da wannan rashin nauyi tun ranar farko, da na yi tambaya. Bidiyon na YouTube ne, fayil ɗin yana riƙe da adireshinsa kawai, kuma duk lokacin da aka kunna shi daga forfe na mai kallo, wato intanet ɗin da ya saya, ake cirewa. Akwai kuma zanen farashin albasa da ke rataye da wani fayil ɗin Excel a kwamfutar wanda ya shirya darasin, kuma a cikin adireshin cikakken sunansa ya fito tare da sunan dosiyen da yake ajiye aikinsa. Shi bai san ya raba wa duk wanda ya karɓi fayil ɗin wannan bayani ba.

Adireshi biyu sun samu bayani ke nan, na cibiyar bincike da na YouTube, saura na uku. Mun duba takardun shafuka duka ba mu gan shi ba, sai da ɗalibin ya tuna cewa akwai uwar shafuka, wato samfurin da kowane shafi ke gadar launi da tsari daga gare shi, wadda ke zaune a ppt/slideMasters da nata dosiyen _rels. A can muka same shi: wani ɗan mitsitsin hoto marar launi, wanda ido ba ya gani, adireshinsa ɗauke da dogon jerin haruffa da lambobi marasa ma'ana. Irin wannan hoto ba don ado ake sa shi ba. Duk lokacin da aka yarda manhajar ta je ɗauko shi, kwamfutar da ke can tana iya rubuta lokacin da aka buɗe fayil ɗin, adireshin IP na mai buɗewa, wato lambar da ake gane na'ura da ita a intanet, da irin manhajar da ya yi amfani da ita, jerin haruffan kuma shi ke bambanta wannan kwafi da wani. Ya kamata a faɗi iyakar abin, kada tsoro ya wuce gona da iri. Adireshin IP yakan nuna ƙasa da kamfanin sadarwa, ba ya nuna ƙofar gidan mutum, musamman a layukan wayar salula inda mutane da yawa ke fita ta adireshi ɗaya. Haka kuma hoton ba ya karanta abin da ke cikin kwamfuta. Amma duk da haka labari ne game da ni da aka aika wa wanda ban sani ba, ba tare da an tambaye ni ba, kuma wannan ya ishe ni dalilin ƙin yarda.

Na kira wanda ya shirya darasin cikin mutunci na tambaye shi. Ya ce samfurin ya sauke shi ne daga wani shafin da ke raba samfura kyauta, bai taɓa sanin akwai wani abu a cikinsa ba, kuma na gaskata shi, domin mai leƙen asiri ba zai bar sunansa a fili cikin fayil ɗin ba.

Namu ya zo da sauƙi, amma wannan ƙofa ɗaya ita ce ɓarayin intanet suka daɗe suna bi. Idan adireshin waje ya fara da karkatattun layuka biyu, irin na dosiyen da ake rabawa tsakanin kwamfutocin ofis, Windows na iya ƙoƙarin shiga can da kanta, ta aika sunan mai kwamfutar tare da wata ɓoyayyar siffa ta kalmar sirrinsa, wadda ake iya fasawa idan kalmar mai rauni ce. A watan Oktoban 2014 masu bincike suka tona asirin gungun da aka laƙaba wa suna Sandworm, wanda ya yi amfani da fayilolin PowerPoint masu ɗauko mugun kaya daga nesa wajen kai hari ga hukumomin Yukren da ƙungiyar tsaro ta NATO, kuma Microsoft ta toshe wannan ɓaraka a watan. A 2017 aka sake ganin irin haka da fayiloli masu ƙarewa da ppsx, waɗanda ke fara haskawa nan take da zarar an danna su. Toshewar ba ta amfanar kowa sai wanda ke sabunta manhajarsa, alhali Microsoft ta daina gyara Windows 7 tun Janairun 2020, Office 2010 kuma tun Oktoban 2020, kuma duk mai shiga ofisoshi da makarantunmu ya san har yanzu ana aiki da su.

Akwai wani abu kuma da ya shafi yadda muke musayar fayiloli a nan. Idan aka sauke fayil daga intanet kai tsaye, Windows tana manna masa wata alama, ita ce ke sa PowerPoint ta buɗe shi cikin «Mode protégé», inda ake iya karantawa amma an ɗaure masa hannu. Wannan alama ba ta zama a kan yawancin kile na USB, domin tsarin ajiyarsu ba shi da wurin riƙe ta. Fayil ɗin da ya bi ta waya, ya shiga kile, ya zagaya kwamfutoci biyar, yakan iso wurin na ƙarshe kamar ɗan gida, ba mai tambayarsa daga ina ya fito.

Roƙona na farko ga ƙungiyoyi da ma'aikatun da ke shirya darussa a Yamai ko a ƙasashen waje suna aiko mana ne. Su cusa hotuna a cikin fayil, su yanke igiyar zanen Excel da «Rompre la liaison» kafin su aika, idan kuma akwai bidiyon da sai da intanet su faɗa a saƙon, domin wanda zai haska darasin a ƙauye ya yi shiri. Gwajin ba shi da wuya: a kashe intanet, a buɗe fayil ɗin, a bi shafuka ɗaya bayan ɗaya. Na biyu ga hukumar kare bayanan sirrin jama'a ta ƙasa, HAPDP, wadda dokar 2017 ta kafa: zai yi kyau ta shirya bayani da Hausa da Zabarmanci a gidajen rediyo kan irin waɗannan ɓoyayyun hanyoyin tattara bayani, domin gargaɗin da kwamfuta ke fitarwa da Faransanci yake, kuma ko mu da muka yi lakkol danna shi muke yi mu wuce.

Amma fayil ɗin albasa, na sauke hotunan huɗu na cusa su tare da rubuta sunan cibiyar da ta mallake su a ƙarƙashin kowane, na goge ɗan hoton daga uwar shafuka, na yanke igiyar zanen farashi, na maye gurbin bidiyon da hotunan rudu da na ɗauka da wayata. Ya koma mega goma sha takwas, ya yi wa WhatsApp nauyi a ranar da rezo ba shi da ƙarfi, don haka a kile na kai shi. Mun koma ƙauyen bayan mako biyu, kwamfutar ba ta haɗe da kome, kuma shafukan duka suka fito.

Na gode da wannan fili.

Naka,
Wani malamin horar da manoma,
Tahoua