Godiya ga ofishin tafiye-tafiyen da ya nemo wa jikata ƙanƙara a Dubai

Zuwa ga Alhaji mai ofishin shirya tafiye-tafiye da ke bakin Babbar Kasuwar Maradi, da dukan ma'aikatansa.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Na riga na zo na yi muku godiya da baki ranar da na kawo tsarabar dabino, amma ofishin a cike yake da masu neman kujerar Umra, ban samu na faɗi rabin abin da ke raina ba. Shi ya sa na rubuta a fili inda jama'a za su gani. Yarinyar da ta yi aikin ta roƙe ni kada in ambaci sunanta, na kuma amsa mata, don haka a nan ɗiyata zan riƙa ce mata, kamar yadda na saba.

Fiye da shekara 20 ke nan ina zuwa Dubai sarin yadi, amma Dubai ɗin da na sani ita ce Dera: shaguna, masu ɗaurin kaya, da masaukin da ƴan kasuwarmu ke cika shi da Hausa har mutum ya manta ba gida yake ba. Ban taɓa sa ƙafa a bakin tekunsu ba. Babban ɗana kuwa a Monreyal yake aiki, can Kanada, kuma shekara 4 rabonmu da ganin yaransa sai dai ta waya. Sai muka yanke shawarar haɗuwa a Dubai a hutun ƙarshen Disamba, kwana 12 a wani otal na bakin teku a Jumaira. Ni da Hajiya mu tashi daga Yamai ta Addis Ababa, su kuma su taso daga can. Ku kuka yanka tikiti, ku kuka yi biza, ku kuka kama ɗakuna.

Saura mako 3 a tafi sai ga saƙo daga yaron nan. Wai ɗiyarsa ta fari, mai shekara 11, wadda tun tana ƴar shekara 5 take wasan zamiya a kan ƙanƙara, tana da gasa a tsakiyar Janairu. Wai malamarta ta ce kada ta wuce kwana 3 ko 4 ba ta hau ƙanƙara ba, domin akwai wani tsalle da ta shekara tana fama da shi, sai yanzu ya fara zama a ƙafarta. In ba a samu inda za ta yi atisaye ba, to ita da uwarta sai dai su haƙura da tafiyar.

Alhaji, raina ya ɓaci ƙwarai. Mu nan ƙanƙara a leda muke sayenta, da azumi har layi ake yi mata, in wuta ta ɗauke ta yi tsada kamar nama. Yau a ce saboda ita ba zan ga jikata ba? Da niyyar soke kujeru biyu na shigo ofishinku, kuma ina sane da cewa muryata ta tashi fiye da yadda ya kamaci dattijo.

Ɗiyata ba ta yi dariya ba, ko da yake ni da kaina da nake ba da labarin na ji abin yana neman ba ni dariya. Ta bari na gama faɗana, ta miƙo mini ruwa, sannan ta jawo takarda. "Baba, sau nawa take yi a mako? Minti nawa? Da takalminta za ta zo ko haya za a yi? Malama take buƙata ko fili kawai?" Ko ɗaya ban san amsarsa ba. Ta ce in ba ta lambar surukata, in kuma ba ta kwana 4 kafin a taɓa tikitin kowa. Na tambaye ta ko ta taɓa ganin wasan. Ta ce a talabijin, sau ɗaya.

Ina hanyar gida na tuna cewa ai akwai filin ƙanƙara a cikin Dubai Mall, katafariyar kasuwar nan da aka buɗe a 2008 a gindin Burj Khalifa. Na taɓa tsayawa daga sama ina kallon mutane suna faɗuwa a kai. Na kira ta ina murna na ce magana ta ƙare. Otal ɗin ma da aka tambaye su amsar da suka bayar ke nan: ku je kasuwa, akwai ƙanƙara. Da ni ne, da a nan na tsaya, kuma da mun kai yarinya inda ba za ta amfana da komai ba.

Washegari ta zaunar da ni ta yi mini bayanin abin da ta koyo daga surukata. Filin ƙanƙara kamar filin ƙwallo yake, an raba yininsa kashi-kashi. Akwai sa'o'in kowa da kowa, inda mutum zai biya, a ba shi takalmin haya, ya shiga cikin jama'a ana zagaye ta fuska ɗaya, yara na riƙe da bango. A irin wannan lokaci yawanci ba a yarda da tsalle ko juyi ba, domin mai tsalle da baya take tahowa a guje, ga ƙarfe mai kaifi a ƙafarta. Akwai lokacin masu wasan hoki da ake bugawa da sanda, akwai na ƴan koyo, sannan akwai ƴan sa'o'i kaɗan, galibi da sassafe, da ake keɓe wa masu atisayen gasa, a ƙayyade yawan waɗanda za su shiga. Waɗannan sa'o'in muke nema, kuma a makon da yara ke hutu a ko'ina, garin cike da baƙi.

Abin da ya biyo baya a wayarta na gan shi, don ta nuna mini. Ta rubuta wa duk filin da ta samu adireshinsa. Wasu ba su amsa ba har yau. Wani ya ce ya dakatar da atisaye sai bayan hutu. Wani kulob ya ce yana karɓar baƙi, amma sai an kawo takarda daga malamar yarinyar da ke nuna matakin da ta kai, don kada a saka ɗan koyo cikin masu gudu. Takardar ta zo da Faransanci, abokin aikinta na teburin biza ya mayar da ita Turanci. Ga kuma rikicin agogo: Dubai tana gabanmu da awa 3, Monreyal a wannan lokacin tana bayanmu da awa 6. Wanda za ta yi wa tambaya yana shirin tashi daga aiki, wadda za ta ba da amsa ba ta farka daga barci ba. A haka ta haɗa safiya 6, daga ƙarfe 7 zuwa 8, ta samo direba, ta kuma gano cewa ranar ɗaya daga ciki masu hoki sun kama filin, sai ta nemo mana wani a Abu Dhabi, tafiyar awa ɗaya da rabi.

Har takarda ta buga mana ta abin da za mu riƙe. A ciki ta rubuta cewa takalman su shiga babbar jaka, kada a riƙo su a hannu a je ana gardama da masu bincike a filin jirgi saboda ƙarfen. Ta kuma rubuta cewa ni da Hajiya mu taho da rigunan sanyi da safa. Hajiya ta ce yau ga ikon Allah, za a je shan iska bakin teku da kayan hunturu.

Ita Hajiya damuwarta daban ce, kuma ba ni ta gaya wa ba, ɗiyata ta gaya wa. Ta ga hotunan masu wannan wasa da ƴan guntayen riguna, ta ce ita ba za ta je ta zauna tana kallon jikarta a haka ba. Ɗiyata ba ta yi mata musu ba. Sai ta turo mata labarin Zahra Lari, ƴar Abu Dhabi, wadda ta shiga gasa a Italiya a 2012 da kanta a rufe, alƙalai suka rage mata maki saboda lulluɓin, ba ta cire ba, ta ci gaba da wakiltar ƙasarta a haka har aka daina rage mata. Ta ƙara da cewa wajen atisaye ma dogon wando ake sawa da riga mai dogon hannu da safar hannu, sanyi ba ya barin kowa ya yi gayu. Hajiya ta kalli hoton ta daɗe, ta ce to, a je a gani.

Safiyar farko ba zan manta da ita ba. Mun yi Asuba muka fito, iskar teku na kaɗawa, muka shiga wani gini da daga waje ba ka ce akwai wani abu a ciki ba. Ana buɗe ƙofa ta biyu sanyi ya mare ni. Fili fari fat, mita 60 a tsaye, 30 a kwance, wata mota mai kama da akwati tana zagaye a hankali, tana kankare saman tana shimfiɗa ruwa, bayanta na sheƙi kamar an goge tangaran. Jikata ta zauna a benci ta zazzage ƙafarta sosai kafin ta sa safa. Na ce amarya, wannan tsabta haka? Ta ce: "Kaka, rairayin jiya ne. In ya hau ƙarfen, kaifin ya tafi." Ta kama yatsana ta ɗora a ƙasan takalmin. Ni na ɗauka wuƙa ce mai baki ɗaya. Ashe ƙarfen, da kaurinsa bai fi ƴan milimita kaɗan ba, an fafe tsakiyarsa kamar ƙaramar kwata, ya zama baki biyu, na ciki da na waje, kuma duk wasan a kan sanin wanne za ka jingina a kai yake. A gaba akwai haƙora kamar na zarto. Ta ɗaure igiya ta ja har sai da yatsunta suka yi ja, ta taka zuwa bakin fili da wasu robobi a kan ƙarfen, ta cire su ta miƙa wa kakarta ta ce: "Kishiya, riƙe mini."

Su 9 ne a filin, ba mai magana, sai ƙarar ƙarfe a kan ƙanƙara, irin ƙarar da almakashi ke yi in ana tsaga sabuwar shadda. Tsallen da ya kusa hana mu haɗuwa sunansa Aksel, sunan wani mutumin Norwe ne, Axel Paulsen, da ya fara yin sa a 1882. Ita ta koya mini wannan. Sauran tsalle-tsallen da baya ake tashi a sauka da baya, shi kuwa da gaba ake tashi, don haka sai an yi juyi ɗaya da rabi a sama kafin a dira a ƙafa ɗaya. Ta yi na farko ta faɗi. Hajiya ta yi salati ta ja mayafi ta rufe ido. Ta yi na biyu ta faɗi, ta tashi tana kakkaɓe wando ko kallonmu ba ta yi ba. Na uku ta sauka da ƙafa biyu. A na huɗu ta dira a ɗaya, ɗayar a miƙe a baya, hannuwa a buɗe, ta sulale kamar ba ita ta sha ƙasa ɗazu ba. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Hajiya kuwa ba ta gani ba, idonta na cikin mayafi, sai da aka sake yi mata.

Da ta fito ta goge ƙarfen da tsumma har ya bushe, wai in an bar shi da laima tsatsa yake yi, sannan ta sa masa wata riga mai laushi. Ƙarfe 10 muna bakin teku, ita da ƙannenta cikin ruwa, Hajiya a kan kujera tana cewa wannan ya fi tafkin Madarunfa da kaɗan.

Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. A safiya ta uku direba ya makara, muka yi asarar minti 20 daga awar da aka biya. Na tura saƙo ne kawai don a sani, ban sa ran amsa ba, domin a Maradi ƙarfe 4 na dare bai cika ba. Kafin in mayar da waya aljihu ta kira. Ashe duk ranar da muke da fili sai ta sa agogo ya tashe ta. Ta canja direban a ranar, kuma wanda ya zo bayansa kullum shi ke jiranmu.

Alhaji, da na dawo na tambayi kuɗin wannan wahala, ka ce babu shi a lissafi, aikin ofis ne. Na yi ciniki da ofisoshi da yawa tsakanin nan da Yamai da Kano, na san inda za a ce mini tikiti da biza muke yi, ƙanƙara ba ta cikin aikinmu, kuma ba wanda zai ga laifinsu. Turmin da na bar wa ɗiyata ba biya ba ne, don Allah ka sa baki ta karɓa, na ji an ce har yanzu yana cikin durowa.

An yi gasar a Janairu. Ba ita ta zo ta ɗaya ba, amma ta yi tsallenta ta dira a ƙafa ɗaya a gaban alƙalai, uban ya turo mana bidiyon, Hajiya ta nuna wa duk matan unguwa har da waɗanda ba su tambaya ba. Yarinyar ta aiko da hoto ta rubuta a bayansa da Hausarta mai karkata: "Tanti, na gode." Yana wurina, zan kawo shi ranar Litinin in na zo maganar kujerun Umra, mu biyu ne ni da Hajiya.

Allah ya ƙara buɗi, ya albarkaci ofishin da masu aiki a cikinsa, ya ba ɗiyata abin da take nema duniya da lahira.

Wassalam.

Naku,
Wani mai sayar da yadi a Babbar Kasuwa, Maradi