Zuwa ga Habu, Kan Lambunka da Awakin Maƙwabta

Kwadon, Jihar Gombe.

Assalamu alaikum Habu,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da iyalinka. Ka gaishe mini da amaryata Ummi. Mu nan lafiya lau, sai sanyi da ya fara shigowa.

Ƙanwarka ta dawo daga Tumfure ta ba ni labari. Ta ce awaki sun shiga bayan gidanka sun cinye alayyafo da latas, sun tattake dashen tumatir, kai kuma ka fito da sanda kana rantsuwa duk akuyar da ka sake kamawa sai ka karya mata ƙafa. Na san zafin ɓarnar, ni da na tsufa a bakin rijiyar lambu. Amma rantsuwar ce ta hana ni barci. Ka yi kaffararta, ka ajiye sandar.

Ka duba lokacin da muke ciki. Da damina kowa na ɗaure dabbarsa a turke, da an gama girbi kuwa sai a sake su. Daga Nuwamba har saukar ruwa ciyawa a bushe take, abin da ya rage kore shar a unguwarku fangalinka ne. Ina kake so akuya mai yunwa ta nufa?

Addini ma bai bar mu cikin duhu ba. Taguwar Bara'u ɗan Azib ta shiga gonar wani ta yi ɓarna, sai Manzon Allah (SAW) ya hukunta cewa tsaron gona da rana yana kan masu ita, abin da dabbobi suka ɓata da dare kuwa masu dabbobin ne za su biya. Yana nan cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik. Awakin da suka yi maka ɓarna da rana tsaka suka shiga, Habu. Ka ga ke nan nauyin a wuyanka yake.

Ban taɓa gaya maka wannan ba. Shekarar da aka yaye yayarka na jefi tunkiyar wani maƙwabcinmu da ƙotar fartanya saboda ta shiga albasata. Ashe da ciki gare ta, ta yi ɓari. A zauren mai unguwa na biya abin da ya ninka kuɗin albasar. Kuɗin bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya: shekara 3 muna gaisuwa sama-sama, matansa suka daina shigowa gidanmu ko da barka. Ya riga mu gidan gaskiya, mun shirya kafin nan, amma har yau in na tuna sai na ji nauyi. Guba kuwa, ko a zuci kada ka kawo ta.

To, ga abin yi. Yanzu karan dawa ya wadata, ka yi danga. Ka kafa dirkoki duk bayan taku 2, ramin ya kai kamu guda, ka babbake gindinsu ko ka shafe su da baƙin mai saboda gara. In ka samu azarar giginya ta fi, gara ba ta cika damunta ba. Tsayin dangar ya kai ƙirjinka, a ɗaure ta da tanka sama, tsakiya da ƙasa. Amma ka sani akuya ba ta cika tsallake danga ba sai ta rasa kafa. Ta ƙasa take bi, ta cusa kai, ta goga jiki har kara ya buɗe, kuma duk inda kanta ya shige jikinta zai bi. Don haka ka binne gindin karan, ka jera ƙayar magarya ko sarƙaƙiya ta waje. Kada ka bar turmi, bulo ko tarin yashi kusa da ita, tsani ka yi musu. In albashi ya shigo ka sayi wayar kaji ka zagaye ƙasan, ita ce maganin 'yan awaki ƙanana da kaji. Waya mai ƙaya ita kaɗai shanu take tarewa, akuya ratsa ta take yi.

Dangar kara ba ta wuce shekara guda ko 2. Mai ɗorewa shi ne shinge mai rai. Cikin bazara, kafin ruwa ya sauka, ka yanko rassan aguwa ka kakkafa su kusa da juna a bayan dangar. In ka jira ƙasa ta jiƙe ruɓewa suke yi. Dabba ba ta cika cin ta ba. Bini da zugu ma haka, sai dai 'ya'yansa guba ne, ga Ummi tana kai komai baki, ruwan aguwa kuma bai son ido, sai a kula. Zogale kuwa can tsakiya za ka sa shi, wanda ya yi shinge da zogale ya kira awaki walima.

Ƙanwarka ta ce ta ƙyauren langa-langar nan suka shiga, yara sun ɗebo ruwa sun bar shi a buɗe. Ka yanko robar tsohuwar tayar babur ka ɗaura masa yadda zai riƙa rufe kansa. Wurin renon iri kuma ka lulluɓe shi da tsohon gidan sauro. 'Yan itatuwan da ke waje, ka jiƙa kashin awaki ka riƙa yayyafa wa ganyen, ba sa son warin kashinsu. Ban da ganyen da za a ci.

Sai ka je wurin mai awakin, kai kaɗai, bayan sallar isha'i. Ka gaishe shi da kyau, ka ce kana yin danga, kana roƙon ya riƙa rufe su da dare. Ka ce in ya share turke ya ajiye maka takin, kai kuma ganyen kabeji da ciyawar da ka cire nasa ne. Ranar da ka fara yankan alayyafo, dami na farko gidansa.

Ina da ragowar kara dami 10 a gona. Ka auna mini kewayen wurin da taku ka aiko, zan sa a ɗora maka su a mota ranar Asabar in Allah ya kai mu. Innarka tana gaishe ku.

Ni ne,
Babanka.