Shinkafar biki da ta kwana a kula, ɗumame ba ya wanke ta

Malam Edita, assalamu alaikum.

Don Allah a ba ni ɗan fili, abin nan ya tsaya min a rai tun satin da ya wuce. Suna aka yi a layinmu nan Agege, aka dafa jalof da soyayyiyar shinkafa tun asuba aka zuba a manyan kuloli, ragowar ta kwana a ciki don babu wuta balle a sa a firij, da safe aka ɗumama aka raba wa yara. Kafin azahar yara biyar suna ta amai har da ɗiyar ƙanwata. Nan take magana ta tashi wai kishiya ce ta barbaɗa wani abu, har an fara zage-zage. Ni aikin lab na karanta, kuma wallahi ban ga hannun kowa a ciki ba sai na wata ƙwayar baktiriya da ake kira Basilus siriyas.

Dangin Basilus in ka duba su a madubin likita kamar ƴan guntayen sanda suke, sunan ma a Latin ɗan sanda yake nufi. A ƙasa suke zaune, cikin ƙura, jikin hatsi, ko'ina. Abin mamakinsu shi ne in rayuwa ta yi tsanani, abinci ya ƙare, sai ƙwayar ta tattara abin gadonta ta rufe shi cikin wani ƙwanso mai tauri ta busar da kanta ta yi likimo, ba ci ba hayayyafa. Duk wanda ya tashi a bakin fadama ya san gaiwa, yadda take shigewa laka da rani ta jira damina, to haka, sai dai wannan ƙwanson yana kai shekaru gommai yana jira kuma tafasar tukunya ba ta gamawa da shi. Shi ya sa a asibiti ba a tsayawa ga tafasa kayan tiyata, tukunyar tururi ake sa su a digiri 121 na minti 15.

To ga yadda ta kasance da shinkafarmu. Ƙwanson yana jikin ɗanyar shinkafa tun daga gona, an dafa sauran ƙwayoyin sun mutu shi ya tsira, da abinci ya huce ya koma ɗumi-ɗumi cikin kula sai ya farka ya samu fili babu abokin takara, ya yi ta ninkuwa yana zuba dafi. Dafin nan shi ne matsalar, zafi ba ya lalata shi, ko ka ɗumama har ƙasan tukunya ya kama yana nan. Abincin kuma ba lallai ya yi wari ko yauƙi ba, shi ya sa iyayenmu mata suke shinshinawa su ce lafiya lau. Amai kan zo cikin awa 1 zuwa 6, yawanci ya wuce a kwana ɗaya, amma ƙaramin yaro in ruwan jikinsa ya ƙare abin ba wasa ba ne.

Kada kuma a ce duk danginsu mugaye ne. Daddawar da ba ma iya miyar kuka sai da ita, wadda maƙwabtanmu Yarbawa ke kira iru, aikin ɗan uwansa ne Basilus sabtilis. In an dafa kalwa an rufe ta kwana biyu zuwa uku, shi ne yake narka sinadarin gina jikin da ke ciki ya fito da ƙamshin nan, kakanninmu sun yi ta kiwonsa ba su san sunansa ba. Mutanen Japan ma da shi suke yin natto da waken suya. Akwai wani da ake kira Bt mai kashe tsutsa, daga jikinsa aka ɗauko abin da aka sa wa waken SAMPEA 20-T na cibiyar binciken noma ta Samaru Zariya, wanda aka saki a 2019 saboda tsutsar da ke huda kwanson wake. Har garin sabulun wanki akwai sinadarin cin datti da ake samowa daga gare su.

Wanda ya fi ba ni tsoro a danginsu shi ne na ciwon saifa, antiraks, don mutanenmu ne cike a kwatar Oko-Oba. Tun 1876 Robert Koch na Jamus ya nuna yadda ƙwayar ke yin ƙwanso, a 1881 Louis Pasteur ya gwada rigakafinta a kan tumaki a Faransa, a nan gida kuma cibiyar Vom ta jihar Filato tana yin allurar dabbobi. Duk da haka a Yulin 2023 cutar ta ɓulla a wata gona a Suleja, mutane suka yi ta jin haushin gargaɗin da hukuma ta yi na a guji cin ganda. Ƴan uwana mahauta, dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini baƙi yana fita ta hanci da dubura kuma ba ya daskarewa, kar a feɗe ta ko don a ceci fata. Da an buɗe cikin iska ta shiga, ƙwayar za ta yi ƙwanso ta zauna a ƙasar wurin shekara da shekaru. A kira likitan dabbobi, a ƙone ko a binne da zurfi. Na san asarar saniya a wannan tsadar ba ƙaramin abu ba ce, mahaifina fatauci ya yi.

Roƙona ga limamanmu da shugabannin Hausawan Agege, Idi-Araba da Mile 12, a riƙa faɗa wa masu girkin biki da masu sayar da abinci: shinkafa ko ta zauna da zafinta sama da digiri 60, ko a baza ta a faranti ta huce a sa firij cikin awa 2. In babu wuta a rabar da ita a daren, almajirai da masu gadi suna nan a bakin layi. Matar da aka zarga a layinmu kuwa har yau wasu ba sa amsa gaisuwarta, kuma ko kicin ɗin ba ta shiga ba ran sunan.

Naku,
Mai karatu daga Agege, Legas