Wasiƙa daga Tawa kan ɗan tsarin da nake rubuta wa famfon lambu

Aminina,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya zaman Faransa? Ina fata kai da iyali kuna lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafin bazara, da azahar ko ƙofar ƙarfe ba ta taɓuwa.

Ka tambayi abin da ya ɗauke mini hankali. Ɗan ƙaramin tsarin gudanarwa nake rubutawa, wanda zai kula da famfo mai aiki da hasken rana a lambun albasar kawu, can wajen Galmi. Ɗan allon kwamfutar da zai ɗauke shi STM32F103 ne, wanda ake ce wa Blue Pill, tsawonsa bai wuce yatsa ba. Ƙwaƙwalwar aikinsa kilobait 20 ce kacal, ma'ajiyar manhaja kuma 64. Babban tsarin gudanarwa irin Linux ba ya shiga nan ko kusa.

Na san za ka ce ai ga FreeRTOS, tsarin gudanarwa na irin waɗannan ƙananan alluna, wanda Richard Barry ya fara tun 2003, kyauta ne kuma ya sha gwaji. Gaskiyarka, na ma ƙaru da karanta shi. Amma ni so nake yaron da ke gyaran salula a kasuwar Tawa ya zauna ya karanta tsarin tun daga farko har ƙarshe, ya gane kowane layi. In famfo ya tsaya ana tsakar ban ruwa, albasa ba ta jiran injiniya ya taso daga Yamai, tafiyar kusan kilomita 500.

Ayyuka uku ne: auna danshin ƙasa, duba ƙarfin batir, kunna famfo da kashe shi. Rabon lokaci tsakaninsu kamar rabon ruwa ne a fangali, a buɗe wa wannan, a toshe, a koma wancan. Agogon SysTick yana bugawa sau 1000 a daƙiƙa, in lokacin wani aiki ya cika sai PendSV, sashen da ke sauya ayyuka, ya karɓa. Nan ne wurin da ya fi burge ni. Cortex-M3, injin sarrafawa na ARM da ke kan allon, da kansa yake ajiye rajista 8, wato ƙananan ma'ajiyai na cikinsa, sauran, daga r4 zuwa r11, ni zan ajiye su da hannu, sannan in ɗauko na aikin da ke biye. Layukan ba su da yawa, amma ko ɗaya ya goce, allon ya sandare. Shi ya sa na kunna agogon tsaro: in tsarin bai leƙa shi kan lokaci ba, ya sake tada allon, famfo kuma ya tashi a kashe. Na kuma hana neman ƙwaƙwalwa ana cikin aiki, kowa da kasonsa tun farko.

Alfarma biyu nake nema. Ka duba mini sashen sauya ayyukan nan da idon basira, ka fi ni sanin harshen injin ARM. Sai lasisi: hankalina ya fi kwanciya da GPL, don duk wanda ya gyara ya sayar dole ya buɗe gyaransa, amma na ji masu ƙera kaya sun fi sakewa da lasisin MIT, wanda bai tilasta hakan ba. Me ka gani? Bayanin cikin manhajar da Hausa da Faransanci nake yinsa. Jibi in sha Allah zan ɗora komai a GitHub, shafin ajiye manhajoji, in turo maka.

Inna tana gaishe ka, ta ce yaushe za ka zo? Ka gaida uwargida da yara.

Naka,
amininka na Tawa