Ɗalibaina sun haddace "went" da "bought", amma da sun tsallake "and" sai lokaci ya ɓace musu

Assalamu alaikum Malam. Ina fata kana lafiya, da iyali da abokan aikinka na wannan fili. Allah ya saka da alheri bisa yadda kake warware mana matsalolin karatu duk mako.

Ni malamar Turanci ce a wata makarantar sakandaren 'yan mata ta jeka-ka-dawo a Jihar Katsina, kuma 'yan ajin ƙarshe ne a hannuna, masu shirin WAEC da NECO. Abin da ya hana ni sukuni shi ne shuɗaɗɗen lokaci a rubutunsu, musamman inda mahaɗi irin su and ya shiga tsakanin aikatau biyu.

Wajen hadda ba su da matsala. Idan na ce go, ajin gaba ɗaya zai amsa went, gone. Idan cike gurbi ne, kusan kowa na ci. Amma da na ba su insha'in labari, ga irin abin da nake tararwa: "Last Friday we went to the market and buy tomatoes and come back home." Aikatau na farko ya zauna daram, na biyu da na uku sun zube. Na kira wata yarinya mai ƙoƙari, na nuna mata buy, na tambaye ta shuɗaɗɗensa. Nan take ta ce bought. Na ce to me ya hana ki rubuta shi? Ta dubi littafin, ta dube ni, ta ce: "Malama, ai na riga na nuna ya wuce tun a went. Sai na yi ta maimaitawa?"

Amsar nan ta zauna mini a rai, domin akwai tunani a cikinta. Mu a Hausa cewa muke yi "mun je kasuwa mun sayi tumatir mun dawo". Ba mu sa "da" tsakanin aikatau, kuma aikatau ba ya canza kama saboda lokaci. Ko canjin saya, sayi, saye, ya danganta ne da abin da ya biyo baya. Zagin aikatau, wato mun, ko suka, ko za ta, shi ke ɗauke da lokaci, shi ya sa muke maimaita shi a gaban kowane aikatau. Turanci kuwa yakan yar da wakilin suna bayan and, ya bar wa aikatau nauyin nuna lokaci shi kaɗai. Yarinya ta ga we ya tafi, a kunnenta na Bahaushiya wurin ajiye lokaci ya tafi ke nan, sai ta rubuta aikatau tsurarsa.

Da na matsa musu a kan haka, sai wasu suka zarce. Yanzu ina samun "I did not went" da "she wanted to cooked". Sun ɗauka duk aikatau da ke cikin labarin jiya dole ya sa rigar jiya, alhali did ya riga ya ɗauke lokacin, kuma bayan to ba a taɓa aikatau.

Wuri mafi wuya shi ne when, before da after. Za su rubuta: "When I reached home, my mother has finished cooking." A Hausa "da na isa gida na tarar Inna ta gama girki" ya wadatar, kuma "ta gama" ɗin nan ita ce dai wadda zan faɗa yanzu idan aka tambaye ni ko abinci ya sauka. Mu ba mu raba has finished da had finished da siffar aikatau, zancen ne ke nuna mana. To yaya zan sa yarinya ta ji a jikinta cewa aikin da ya riga wani aukuwa a baya yana neman had? Haka "ya ce zai zo": a labarin bara suna rubuta "he said he will come" a inda ake son would. Sai kuma although da but a jimla ɗaya, domin mu "ko da yake ta gaji, amma ta yi shara" daidai ne a bakinmu. Wannan kam da na nuna sau ɗaya yawanci sukan kiyaye.

Akwai kuma matsalar kunne. Yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa, ga shi walked a furuci baƙaƙe biyu ne a jere a ƙarshe, k da t. A aji mai cunkoso, yarinyar da ke zaune a baya walk kawai take ji. Wanted kaɗai da ire-irensa suke kamawa, saboda ƙarshensa yana fitowa fili.

Malam, ka san yadda ake gyaran insha'in WAEC. Ana son kalmomi wajen 450, maki 50 ne, 10 daga ciki na tsabtar rubutu, kuma kowane kuskure rabin maki yake ci. Yarinyar da ke zubar da lokaci bayan kowane and, kafin ta kai tsakiyar labari goman nan ta ƙare, ga kuma abin da za ta rasa a makin iya bayani. Ba kiredit a Turanci, ba jami'a, ba makarantar koyon aikin jinya. Kuma a garinmu ba kowane uba ne zai sake biya wa 'yarsa kuɗin jarrabawa ba. Da yawa wannan zaman shi ne na farko kuma na ƙarshe, shi ya sa abin yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Dabarar da na ga tana aiki ita ce raba allo biyu. A dama in rubuta jimlar Hausa, mu ja layi a ƙarƙashin kowane mun ko ta. A hagu mu rubuta ta Turanci, in ce duk inda kuka ja layi a Hausa, ku nemo mini inda lokacin ya koma. Da kansu suke gano cewa ya hau kan aikatau. Ranar da muka fara, wata da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Ashe mun ɗin ce ta shige cikin bought." Rubutunsu na makon da ya biyo baya ya fi tsabta sosai.

Sai dai shugabar sashenmu ta wuce ta taga ta ga Hausa a kan allo. Ta kira ni ofis, cikin mutunci, ta tuna mini dokar makaranta ta hana banakula, wato yin harshen gida, ta ce da Turanci za a yi jarrabawa, kuma yaran nan ba su jin Turanci a ko'ina sai a darasina, idan na cinye rabinsa da Hausa me ya rage? Maganarta tana da nauyi, kuma ta girme ni a shekaru da aiki. Ni kuma a kwalejin ilimi mun karanta gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ife daga 1970, inda aka koyar da 'yan firamare da Yarbanci, Turanci yana matsayin darasi, kuma Turancinsu bai gaza na sauran yara ba. Na san wancan firamare ne, nawa kuwa manya ne masu jarrabawa a gaba, amma zuciyata ta ƙi yarda cewa kwatanta nahawun harsuna biyu na minti kaɗan shi ne banakular da doka take nufi.

Don Allah Malam ka ba ni shawara. In ci gaba da wannan dabara, ko in bi umarni in nemi wata hanyar da Turanci zalla? Idan ci gaba ya fi, da wane lafazi zan koma wa shugabata ba tare da ta ga na raina ta ba? Sannan da ɗan lokacin da ya rage, in tsaya a kan aikatau bayan and da did har ya zauna, in bar had da would ga masu ƙoƙari, ko kuwa in taɓa duka? Ina kuma son jin ra'ayinka kan jan biro: in zagaye kowane kuskure, ko in zaɓi iri ɗaya a kowane insha'i? Na lura wasu da sun ga shafi ya yi ja sai su rufe littafin ba su ko karanta gyaran ba.

Idan da hali a karanta amsar a shirin ƙarshen mako, domin akwai malamai biyu a makarantar maƙwabta da muke fama da abu ɗaya, kuma duk muna saurare.

Na gode, Allah ya ƙara lafiya.

Taka mai saurare,
Malamar Turanci, daga Jihar Katsina